Rage ƙiba: tambayoyin da na gaji da amsawa

Masu tambaya ne kawai ke canzawa, tambayoyin su ne dai na kullum. Na tara su a nan, duk wanda ya sake kawo ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe yana narkar da kitse?

A'a. Sha abinka idan kana so, amma kitse ba ya narkewa ya bi fitsari. Idan jiki ya ƙona shi, mafi yawansa ta numfashi yake fita, ragowar ya zama ruwa.

Wane motsa jiki ne ke cire tumbi kaɗai?

Babu shi. Jiki ne ke zaɓar inda zai fara ɗebe kitse, kai ba ka da ta cewa.

Shayin rage ƙiba fa?

Wannan shi ke ɓata min rai. Da yawa daga cikinsu maganin sa zawo ne ko na sa fitsari aka zuba a kwali mai kyau. Ki wuni kina zarya banɗaki, ki hau sikeli ki ga kilo 2 ya tafi, ki yi murna. Ruwan jikinki ne ya tafi, baiwar Allah, kitsen yana nan inda yake. Ki ji tausayin hanjinki da ƙodarki ki ajiye shi.

Na haura shekara 40, jikina ya daina ƙona abinci ko?

Bai daina ba. A 2021 wani masanin kimiyya, Herman Pontzer, da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ya auna mutum sama da 6,400 a ƙasashe 29. Idan aka yi la'akari da girman jiki, ƙona kuzari yana nan daram tun daga shekara 20 har zuwa 60, daga nan ne yake fara sauka, shi ma ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara. Ka duba zaman da ya yi maka yawa, da tsokar da ta ragu, da barcin da ba ka samu.

Sitaci zan bari ko maiƙo?

Wanda za ka iya jure ragewa. Jami'ar Stanford ta gwada wannan a kan mutum 609 tsawon shekara ɗaya, aka buga sakamakon a 2018: masu rage maiƙo sun sauke kimanin kilo 5, masu rage sitaci kimanin kilo 6, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Saukar nan mai sauri ta makon farko da barin sitaci kuwa, yawancinta ruwa ne, domin kowane giram na sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kimanin giram 3.

Na rage kilo 7, yau wata biyu sikeli ya tsaya cak, kuma abincina bai canza ba. Me zan yi?

Hajiya, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Ki fara kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace. Kusan kowane mai rage ƙiba yana cin karo da wannan tsayawar, galibi wajen wata na shida. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuzarin da kike ƙonawa a yini, ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta da sauran gaɓoɓi ne ke cinye shi ko da a kwance kika wuni. Da jiki ya ragu, buƙatarsa ma ta ragu. Abincin da ya ramar da ke kina kilo 90 yana iya zama shi ne daidai cikinki kina kilo 83.

Sai kuma yunwa, wadda ta fi wancan ƙarfi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka buga a 2011, ya nuna cewa bayan mutum ya rage nauyi sinadarin da ke tayar da yunwa yana hawa, mai sanar da ƙoshi yana sauka, kuma har bayan shekara guda ba su koma yadda suke ba. Don haka da kika ce abincinki bai canza ba, ban ce ƙarya kike yi ba, amma sau da yawa hannu yana ƙara nauyi wajen zubawa mai shi bai sani ba. Babban cokali ɗaya na man girki ya kai kalori 120 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci).

Abin yi ya danganta da inda matsalar take. Ki tabbatar tsayawar ta gaske ce tukuna, domin gishiri da ruwa da lokacin al'ada suna iya ɗaga nauyi da kilo 1 ko 2. Ki riƙa aunawa a lokaci guda da safe, ki kwatanta mako da mako, ki auna ƙugu da tef. Idan kin fara ɗaga ƙarfe, mai yiwuwa ƙugun na raguwa sikeli bai nuna ba, domin tsoka na ƙaruwa. Idan ba haka ba ne, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na mako biyu, har da abin sha da ɗanɗanon girki. Yawanci a nan ake kama ɓarawon, musamman a kayan kwali da na leda. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, ya killace mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya ga idan abincin da masana'anta ta sarrafa sosai aka ba su, suna ƙara cin kalori kimanin 500 a yini ba tare da an sa su ba. Ki ƙara ƙwai, kifi, wake da ganye, sun fi riƙe ciki. Idan kuma kina shan magani irin su insulin, sitiroyid ko wasu magungunan ƙwaƙwalwa, waɗanda kan iya ƙara nauyi, ko kina fama da kasala da jin sanyi fiye da kima, wannan zancen likita ne, kuma kada ki dakatar da magani da kanki.

Abin da ba zan taɓa ce miki ki yi ba shi ne ki rage rabin abincin da kike ci. Za ki rasa tsoka tare da kitsen, yunwa ta ƙaru, kuma da wuya ki ɗore. Wani lokacin ma abin da ya fi shi ne ki riƙe kilo 83 ɗin nan na wasu watanni kafin ki sake yunƙurawa.

Idan na takaita cin abinci cikin awa 8 na yini, ya fi?

Idan hakan na hana ka ciye-ciyen dare, yi. A wani gwaji na shekara ɗaya a ƙasar Sin da aka buga a 2022, bai fi rage yawan abincin kawai ba.

Dole sai na koma yadda nake ina saurayi kafin in samu lafiya?

Wa ya gaya maka? A babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, an nemi mutane su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su yi motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 100, kilo 7 ke nan, ɗan'uwa. Da yawansu da ƙibarsu suka samu wannan ribar.

Ina da ciwon suga, ina kan magani. Zan iya tsallake abinci?

Kada ka kuskura sai ka ga likitanka. Wasu magungunan na iya kayar da suganka har ka suma. Mai ciki da mai shayarwa su ma su fara zuwa asibiti.