Wa za a sa a kwamitin? Tambayoyi kan zaɓen masu warware matsala a wurin aiki

Idan matsala ta taso, wa ya kamata a fara kira?

Wanda hannunsa ke cikin aikin. Idan kaya na ɓacewa a sito, mai riƙe da makulli da direban da ke sauke kayan sun fi manajan da ke ofishin sama sanin inda gizo ke saƙar. A Japan, tun 1962 Farfesa Kaoru Ishikawa ya assasa tsarin da ma'aikatan masana'anta ke zama rukuni-rukuni, su da mai kula da su, suna tattauna lahanin abin da suke ƙerawa.

Me zai hana a tara mafi hazaƙa kawai?

An gwada. Meredith Belbin, a kwalejin Henley ta Ingila, ya riƙa haɗa masu kaifin basira a rukuni guda yana sa su gasa da sauran, sai ga shi sau da yawa su ne a baya. Gardama ke cinye lokacinsu, kowa na neman kuskuren ɗan'uwansa. Daga nan ya fito da mutane iri takwas, daga baya ya mai da su tara, da rukuni ke buƙata. Akwai mai kawo sabuwar dabara, akwai mai tankaɗe ta, akwai kuma wanda ba ya barci sai an kammala.

Mutum nawa ya isa?

Mutum 5, in aka ƙirga su bibbiyu, akwai alaƙa 10 a tsakaninsu. Su kai 10, ta zama 45. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya ɗauki rukunin da fiza (wani faffaɗan gurasar Turawa) biyu ba za ta ƙosar ba a matsayin wanda ya yi yawa. A wurinmu kuwa, alawus ɗin zama da gudun ɓacin ran wani ne ke kumbura kwamiti.

Shugaba ya zauna a ciki?

Nan ake yin ta. A 2012 Google ya fara nazarin rukunonin ma'aikatansa 180, ya gano abin da ya fi tasiri shi ne mutum ya iya cewa "ban gane ba" ko "kuskurena ne" ba tare da fargaba ba. Kowa ya san zaman da oga ke kujerar tsakiya: ƙaramin akawu ya san amsar, ya dubi biro ɗinsa, ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Gara shugaba ya faɗi matsalar, ya yanka wa'adi, ya fita. In zaman ya zama dole, ya bari sai kowa ya gama kafin ya buɗe baki.