Waiwaye: Shekara Casa'in Ana Sauya Dabarar Raya Karkara

A ƙarshen shekarar 1970 gwamnatin Koriya ta Kudu ta wayi gari da rarar siminti a hannunta. Shugaba Park Chung-hee ya ba da umarni a raba shi ga ƙauyukan ƙasar su fiye da 33,000, kowane ƙauye buhu 335, da sharaɗi guda: a yi aikin da zai amfani kowa da shi. An bar wa kowane ƙauye ya zaɓi aikinsa. Wasu suka faɗaɗa hanyar shiga gari, wasu suka yi gada, wasu suka gyara rijiya da wurin wanki, wasu kuma suka bar simintin ya daskare. Da shekara ta zagayo, kusan rabin ƙauyukan, wato waɗanda aka ga sun yi abin kirki, aka ƙara musu buhu 500 da tan guda na rodi. Sauran aka ce su jira sai sun motsa. Wannan shi ne mafarin shirin Saemaul Undong, wato yunƙurin sabon ƙauye, wanda har gobe ake buga misali da shi.

Masu buga misalin sukan tsallake wani abu. Shekara ashirin kafin simintin, Koriya ta riga ta raba gonakin manyan masu ƙasa ga manoman da ke noma su, don haka mutumin da ya fito aikin gayya ya san hanyar da yake gyarawa gonarsa za ta kai shi. Kuma gwamnatin Park ta ƙarfe ce, an yi matsi da tilas a cikin shirin. Amma tambayar da labarin ya taso da ita, wato wa ke yanke shawara kuma wa zai riƙe abin bayan an gama, ita ce ta bi tarihin raya karkara tun daga farkonsa.

A 1935, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a Amurka, domin kamfanoni sun ce jan waya zuwa gidajen da ke warwatse asara ce. Gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar lantarkin karkara, ta ba ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma rance mai sauƙin ruwa, su suka kafa turaku, su suka mallaki layukan. Kafin tsakiyar shekarun 1950 gonaki tara cikin goma sun samu wuta. Dabarar haɗa kai ba sabuwa ba ce ma a lokacin. Tun 1864 wani magajin gari mai suna Raiffeisen ya kafa asusun rance na manoma a Jamus don raba su da masu cin su da bashi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen da suka samu 'yanci suka ɗauki batun da zafi. Indiya ta ƙaddamar da shirinta na ci-gaban al'umma ranar 2 ga Oktoba, 1952, ta kasa ƙauyuka rukuni-rukuni, ta tura ma'aikaci ya koya wa mutane noma da tsafta da kiwon lafiya. Shekara biyar kacal kwamitin Balwant Rai Mehta ya duba ya ce jama'a ba su ɗauki shirin nasu ba, kallon aikin gwamnati suke masa. Ya ba da shawarar kafa zaɓaɓɓun majalisu tun daga ƙauye. Da an yi karatun ta-natsu a kan wannan rahoto na 1957, da an rage asarar da ta biyo baya a ƙasashe da dama.

Daga nan hankali ya koma kan iri da taki. Alkamar da masanin noma Norman Borlaug ya inganta a Meziko da shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 sun kori fargabar yunwa a Asiya. Alkamar Indiya ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970. Sai dai irin yana son ruwan ban-gona da taki da kuɗin saye, saboda haka mai noman damina a busasshiyar ƙasa kallo ya yi. Tanzaniya kuwa wata hanya ta bi. Bayan sanarwar Arusha ta 1967, Shugaba Julius Nyerere ya so a tattara manoma a ƙauyukan Ujamaa don makaranta da asibiti da ruwa su isa gare su. Da lallashi ya ƙi ci, a 1973 aka mai da shi dole, aka kwashe miliyoyin mutane daga gonakinsu. Karatu ya yaɗu, wannan ba a musa shi, amma noma ya ja baya har ƙasar ta shiga sayen hatsi daga waje.

A wannan shekara ta 1973 ne shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya tsaya a Nairobi ya ce ƙaramin manomi ne ya kamata a sa a gaba. Kuɗi suka kwararo cikin manyan shirye-shirye masu haɗa komai wuri guda: hanya, rance, iri, rijiya, asibiti, malaman gona. A takarda babu abin kushewa. A ƙasa kuwa, kowane shiri ya kafa ofishinsa daban da ma'aikatun gwamnati, da motocinsa da ƙwararrunsa na waje masu manyan albashi. Ranar da wa'adin rance ya cika, ƙwararru su tattara, motoci su tsaya don rashin kayan gyara, hanya ta zaizaye da ruwan farko. Bankin da kansa, a bitar da ya fitar a 1988, ya amsa cewa da yawa daga irin waɗannan ayyuka, musamman a Afirka, ba su kai ga gaci ba. Kuma ana cikin yin su gwamnatoci da yawa na danne farashin amfanin gona ta hannun hukumomin saye don birni ya ci abinci da araha. Ana ba manomi da hannun dama, ana karɓewa da hagu. Masanin tattalin arziki Michael Lipton ya kira wannan son kai na birni a 1977, shekarar da aka kafa IFAD, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya na bunƙasa noma.

Abin da ya fi kowane shiri tasiri a wancan zamani ba daga ofis ya fito ba. A ƙarshen 1978, manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui a ƙasar Sin suka haɗu a ɓoye, suka dangwala yatsa a kan wata takarda: za su raba gonar gandun gwamnati, kowane gida ya noma rabonsa, ya biya abin da hukuma ke bi, ya riƙe saura. Har suka rubuta cewa in an ɗaure wani a cikinsu, sauran za su riƙe 'ya'yansa. Girbin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Hukuma ta kau da kai, daga baya ta mai da tsarin doka, ta kuma ƙara farashin da take sayen hatsi. Hatsin ƙasar ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa miliyan 407 a 1984, da ƙasa ɗaya da mutane ɗaya.

Shekarun 1980 na bashi ne da tsuke bakin aljihu. An rushe hukumomin saye, an janye tallafin taki, an sallami malaman gona, da zaton 'yan kasuwa za su cike giɓin. A inda hanya ke da kyau sun zo. A ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Kason noma a tallafin ƙasashen waje ya faɗi daga kashi 18 cikin ɗari a 1979 zuwa ƙasa da kashi 4 a 2004.

A cikin wannan giɓi ne aka dawo kan maganar da kwamitin Mehta ya yi tun tuni, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanin raya karkara Robert Chambers ya caccaki jami'an da ke ziyarar ƙauye da rani, su tsaya bakin kwalta, su gana da masu faɗa-a-ji, su koma su rubuta rahoto. Bankin Grameen na Muhammad Yunus, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 1983, ya ba matan karkarar Bangladesh rance ba jingina, ko da yake binciken baya ya nuna ƙaramin rance na sauƙaƙa rayuwa fiye da yadda yake fitar da gida daga talauci. Tarayyar Turai ta fara shirin LEADER a 1991, Indonesiya ta fara nata a 1998, duka a kan tsari guda: a miƙa kuɗin ga mutanen yanki su zaɓi aikinsu. Shi ma yana da cutarsa, domin a taron ƙauye ba kowa ke iya ɗaga murya ba, kuma sau da yawa masu ƙarfin gari ne ke jan rijiyar zuwa ƙofar gidansu.

Tashin farashin abinci na 2007 zuwa 2008 ya tilasta wa gwamnatoci dawowa fagen. Indiya ta riga ta fara babban shirin hanyoyin karkara a 2000, ta kuma yi dokar 2005 da ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware wa noma kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, suka sabunta shi a Malabo a 2014, amma ƙasashe 'yan ƙalilan ne suka cika. A wajajen 2007 zuwa 2008 ne mazauna birane suka zarce na karkara yawa a karon farko a tarihin duniya, alhali kusan huɗu cikin biyar na masu fama da matsanancin talauci har yanzu a karkara suke.