Freemium: ma'anar "kyauta" a manhajojin neman masoyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire ya san ɗanɗano. Zai yanko maka 'yar tsoka, ya dangwala ta a yaji, ya miƙo maka a bakin wuƙa. Ba ka biya ko sisi ba, amma shi ma ba sadaka ya yi ba, so yake yawunka ya tsinke hannunka ya tafi aljihu. To, wannan dabarar ce masu harkar manhajoji suke kira freemium. Kalmomin Turanci biyu aka haɗe, free wato kyauta, da premium wato na musamman mai tsada. Kalmar ta fito a 2006, lokacin da wani mai zuba jari a Amurka, Fred Wilson, ya bayyana tsarin ya nemi a raɗa masa suna, wani mai suna Jarid Lukin ya kawo wannan.

Kusan duk manhajar neman masoyi da aka rubuta "kyauta" a jikinta, a kan wannan tsarin take. Ɗauki Tinder, wadda aka fara a 2012. Ka sauke ta ba ko kwabo, ka ɗora hoto, ka fara jan hotunan mutane da ɗan yatsa: dama idan ta yi maka, hagu idan ba ta yi ba. Kana cikin jin daɗi sai a ce maka rabonka na yau ya ƙare, ka jira ko ka biya. Sannan ga babban tarkon: a nuna maka hoto dishi-dishi kamar an shafa masa toka, a ce wannan ta ce kana burge ta. Wace ce? Sai ka sayi Tinder Gold za a yaye labulen. Akwai kuma Boost, wanda ke tura hotonka sahun gaba na minti 30 kacal. Manhajar Hinge na ba wanda bai biya ba damar nuna sha'awa sau 8 a rana. Bumble, wadda Whitney Wolfe Herd ta kafa a 2014 ta kuma yi suna da cewa mace ce ke fara magana, takan goge haɗuwar mutum biyun da suka nuna suna son juna idan awa 24 ta wuce ba a ce uffan ba, ta sayar maka da ƙarin lokaci. Shiga dai kyauta ce. Abin da ake sayarwa shi ne maganin ƙaguwa.

Inda zancen ya fi shafar masu shekara 40 zuwa 50 da ɗoriya shi ne farashi. A 2015 da aka fito da Tinder Plus, wani matakin biya na Tinder, a Amurka, 'yan ƙasa da shekara 30 dala 9.99 suke biya a wata, waɗanda suka kai 30 kuwa dala 19.99, alhali kaya iri ɗaya ne. Hujjar kamfanin ita ce matasa ba su da kuɗi. Wani ya kai ƙara, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ce wannan wariya ce ta shekaru. Daga baya, a 2022, kamfanin ya ce zai daina sa farashi bisa shekaru. Ni dai abin da na ɗauka daga wannan shari'a shi ne, sun daɗe da gane wa ya fi saurin zaro kati: mutumin da aurensa ya mutu ko aka yi masa rasuwa, yana da albashi, ba shi da lokaci, sa'anninsa kuma a manhajar ba su kai yawan matasa ba.

Buƙatunsa ma sun fi yawa. Ɗan shekara 22 hoto yake kallo. 'Yar shekara 47 kuwa tana so ta san ko mutum yana da 'ya'ya, ko yana shan taba, ko aure yake nema ko kuwa 'yar hira da fita cin abinci ba tare da wani alkawari ba, irin abin da a wajenmu za a ce soyayyar shan minti. A Hinge, tace mutane da shekaru ko nisan gari kyauta ne, amma tacewa da zancen 'ya'ya ko shan taba tana cikin na kuɗi. OurTime kuwa, da aka yi musamman domin waɗanda suka haura 50, rajista kyauta ce, amma hira yadda ya kamata sai da biyan wata-wata. Kada kuma a ɗauka barin wannan a koma waccan tsira ce: Tinder da Hinge da OkCupid da Plenty of Fish da OurTime duk na kamfani ɗaya ne, Match Group. A 2019 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta maka kamfanin a kotu, tana zargin ya riƙa tura wa marasa biya sanarwar "wani yana sonka" daga asusun da ya riga ya yi zargin na 'yan damfara ne, domin su yi rajistar kuɗi.

Wadda ba ta da matakin biya ita ce Facebook Dating, da ta fara aiki a Amurka a 2019, sai dai kowa ya san Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, da talla da bayanan mutane take cin abinci. Muzz, ta Musulmi masu neman aure da Shahzad Younas ya kafa a Ingila, har da damar sa waliyyi ya riƙa ganin hira, ita ma tana da nata matakin na kuɗi.

Wani abu da ke cin mutane shi ne sabuntawa. Idan ka yi rajistar wata ɗaya ta Google Play ko App Store, kuɗin zai ci gaba da fita da kansa duk wata. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da shi, ko da kuwa ka sami wadda kake nema tun a makon farko. Sai ka koma cikin shagon manhajojin, ka nemo wurin rajistocinka, ka soke da hannunka.