Kalmomin nuna saɓani a Turanci

Kalmomin nuna saɓani su ne waɗanda ake haɗa zance biyu da su idan na biyun ya zo da abin da ba a zata ba daga na farkon. A Turanci, waɗanda aka fi ji su ne but, yet, though, although, however, nevertheless, whereas, despite da in spite of. Takwarorinsu a Hausa su ne amma, sai dai, ko da yake, duk da, duk da haka, da alhali.

Asali

But tana cikin mafi tsufa. Ta fito daga butan ta tsohon Turanci, wadda ke nufin "a waje" ko "ban da". Wannan tsohuwar ma'ana ba ta mutu ba, domin har yau idan aka ce everyone but Audu, ana nufin kowa ban da Audu. Yet ma daga tsohon Turanci take, kuma aikinta na farko nuna lokaci ne, kamar "har yanzu". Though tana da tushe a tsohon Turanci, amma siffar da ake amfani da ita yau ta ɗauki tasirin harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a sassan Ingila. Although haɗin all da though ce, kuma ta bayyana a rubuce wajen ƙarni na 14. A daidai wannan zamani however da nevertheless suka fara fitowa.

Despite kuwa baƙuwa ce. Ta shigo daga tsohon Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, asalinta kuma daga Latin, inda take nufin raini. Da farko ana cewa in despite of, wato "cikin raina wani abu". Daga baya aka gutsure ta gida biyu: despite ita kaɗai, da in spite of. Hausa ma aro ta yi a wannan fanni, domin amma da alhali duk daga Larabci suke.

Rabe-rabe

But da yet mahaɗai ne, suna tsayawa tsakanin ganguna biyu, wato sassan jimla masu aikatau nasu, masu daraja ɗaya. Although, though da whereas suna buɗe gangar da ba ta iya tsayuwa da kanta. However da nevertheless bayanau ne, yawanci sukan zo bayan aya, waƙafi ya biyo su. Despite da in spite of suna ne ke bin su, ba cikakkiyar jimla ba.

Whereas takan zo kuma a takardun lauyoyi, irin su yarjejeniyar hayar gida, inda ma'anarta ke komawa "ganin cewa".

Ɗalibai masu jin Hausa

Wani kuskuren da malaman Turanci a Jos kan zagaye da jan biro shi ne haɗa although da but a jimla ɗaya. Dalilin a bayyane yake. Bahaushe zai ce, "Ko da yake ana sanyi, amma 'yan kasuwar Farin Gada sun fito da sassafe," kuma babu wanda zai ce ya yi kuskure. Turancin makaranta bai yarda da wannan ba, ɗaya ake zaɓa: Although it was cold, the traders came out early, ko kuma It was cold, but the traders came out early. Ɗalibin ba jahilci ya yi ba, nahawun harshensa ya ɗauko ya ɗora wa wani.

Na biyu shi ne despite of, wadda ke faruwa idan aka cakuɗa siffofin nan biyu da tarihi ya raba. Akwai kuma saka cikakkiyar jimla bayan despite, saboda Hausa tana cewa "duk da ya gaji". A Turanci sai dai a ce despite being tired, ko despite the fact that he was tired. Waɗannan na cikin abubuwan da ake bita a kansu kafin jarrabawar WAEC da NECO.

Taƙaddama

Wasu malamai suna hana fara jimla da but. Masana nahawu da yawa ba su ga laifin hakan ba, kuma ana samun sa a rubuce tun ƙarnuka da dama da suka wuce.