Waiwaye: Yadda Ahmad Lawan ya shafe fiye da shekara 25 bai bar majalisa ba

Duk lokacin da 'yan Umara suka cika Makka, hirar da ake yi a Shara Mansur bayan sallar Isha'i gida take komawa. A tambayi damina, a tambayi kuɗin buhun gero, daga nan kuma sai siyasa. Wani dare da muka yi baƙi daga Yobe, gardama ta kaure a kan Sanata Ahmad Lawan. Ɗan ƙanwata, wanda a nan aka haife shi, bai kuma taɓa ganin Gashuwa ba sai a waya, yana cikin zuba mana shayi ya tsaya ya ce, "Kawu, wai tun kafin a haife ni mutumin nan yake majalisa? To wa yake sabunta masa?"

Aka yi dariya, amma yaron bai yi wauta ba. Abin da ya tashi ya gani ita ce Majalisar Shura ta Saudiyya, mai mutum 150, waɗanda Sarki ke naɗawa na shekara huɗu, in ya so ya ƙara wa mutum, in ya so ya sallame shi. A Nijeriya kuwa zaɓe ake yi. Sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Tsarin mulki ya ƙayyade wa shugaban ƙasa da gwamna wa'adi biyu, amma bai sa wa ɗan majalisa iyaka ba. Saboda haka amsar da ke bakin kowa ita ce talakawa ne ke sabuntawa. Ni kuwa da na bi tarihin mutumin daga farko, sai na ga amsar ba ta cika ba.

A Gashuwa aka haifi Ahmad Ibrahim Lawan a 1959. Ya karanci ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ya gama a 1984, ya ƙaro karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya tafi Cranfield a Ingila ya yi digirin digirgir a 1996, kan nazarin doron ƙasa ta hotunan tauraron ɗan'adam. Malamin jami'a ne kafin guguwar 1999 ta ɗauke shi. A shekarar ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta Bade da Jakusko a jam'iyyar APP, wadda daga baya ta koma ANPP. Ya sake ci a 2003. A 2007 ya haura Majalisar Dattawa a kujerar Yobe ta Arewa, wadda Usman Albishir ya bari, mai ƙananan hukumomi shida: Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari.

Wanda bai san Yobe ba zai ɗauka wannan duk ƙoƙarin mutum ɗaya ne. Tun 1999 PDP ba ta taɓa kafa gwamnati a Damaturu ba, ko a shekarun da take riƙe da Abuja da mafi yawan jihohi. Daga Bukar Abba Ibrahim (Allah ya jiƙansa, a nan Saudiyya ya rasu a Fabrairun 2024) zuwa Mamman Ali, zuwa Ibrahim Gaidam, zuwa Mai Mala Buni, gida ɗaya ne yake sauya suna: APP, ANPP, sannan APC bayan haɗakar 2013. A irin wannan jiha, ranar da aka ba ka tutar jam'iyya ka ci rabin zaɓe. Lawan ya gane haka da wuri. Shekara 16 ya yi a ɓangaren adawa a Abuja, lokacin da 'yan siyasa ke sauya sheƙa kamar sauya riga, bai motsa ba. A Majalisar Dattawa ya riƙe kwamitin bin diddigin kuɗaɗen gwamnati, kujerar da bisa al'ada 'yan adawa ake bar wa.

Da APC ta ci zaɓen 2015, jam'iyya ta nuna shi a matsayin wanda take so ya shugabanci majalisa. Abin da ya faru ranar 9 ga Yuni, 2015, har yau ana ba da labarinsa. Da safe Lawan da sanatocin da ke bayansa suka nufi babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa a Abuja, saboda an ce musu za a gana da Shugaba Buhari. Suna can suna jira, a zauren majalisa aka buɗe zama. Sanatoci 57, akasarinsu 'yan PDP, suka zaɓi Bukola Saraki ba hamayya, aka kuma ba Ike Ekweremadu na PDP mataimaki. Buhari bai zo taron ba. Mutumin da ya amsa kiran jam'iyya ya dawo ya tarar an riga an raba nama.

A nan ne, a ganina, halinsa ya fito fili. Wani zai yi fushi ya tattara nasa ya nasa. Shi ya zauna a kujerarsa. A Janairun 2017 sanatocin APC suka tuɓe Ali Ndume daga shugaban masu rinjaye suka ɗora Lawan. Shekara huɗun nan gaba ɗaya a rigima aka yi su tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa. Sau biyu majalisar Saraki tana ƙin tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC, kasafin kuɗin 2018 kuwa sai a watan Yuni aka sa masa hannu, shekara ta riga ta raba. Da Saraki ya koma PDP ya kuma faɗi zaɓe a Kwara a 2019, fadar ta ƙudura ba za a sake yi mata sakiyar da ba ruwa ba. Ranar 11 ga Yuni, 2019, a zaɓen shugaban Majalisar Dattawa, Lawan ya samu ƙuri'a 79, Ndume 28.

Majalisar da ya jagoranta ita ce abin da baƙinmu suka fi ɗaga murya a kai. Masu yabo suna da hujja. An dawo da kasafin kuɗi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, na 2020 tun a Disambar 2019 aka sa masa hannu. Dokar gyaran harkar man fetur, wadda ta yi ta yawo a majalisa tun 2008, ta samu sa hannu a Agustan 2021. Sabuwar dokar zaɓe ta biyo baya a Fabrairun 2022. Har ma sukan tuna cewa majalisar ta ƙi amincewa da Lauretta Onochie, hadimar Buhari, a matsayin kwamishiniyar INEC. Masu suka kuma suna ɗin da suka laƙaba wa majalisar shi ne 'yan amshin shata, kuma shi da bakinsa ya ba su sanda, ranar da ya nuna cewa duk buƙatar da ta fito daga Buhari ta alheri ce ga ƙasa, za a gaggauta ta. Rancen ƙasashen waje suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Daf da tafiya, a Mayun 2023, majalisar ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ciyo daga Babban Banki zuwa bashin shekara 40. Kuɗin an riga an kashe su kafin a zo neman izini. Mu da ke tura riyal gida duk wata, muna jin yadda kuɗin da ake karɓa ke ƙara yawa a lissafi amma cefanen da suke yi yana raguwa, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Ni dai ban ga alamar tsoro ne ya sa shi haka ba. Hanyar da ta kai shi kujerar ita ya ci gaba da bi. Matsalar ita ce aikin majalisa ya haɗa da taka wa shugaban ƙasa birki, kuma wanda biyayya ta ɗaga ba ya saurin ɗora ƙafa a kan birkin.

Sai 2022. Lawan ya sayi fom ɗin takarar shugaban ƙasa, bai shiga zaɓen fidda gwani na sanata da aka yi ranar 28 ga Mayu ba, wanda Bashir Machina ya ci. Ana gobe babban taron fidda ɗan takarar shugaban ƙasa, shugaban APC na lokacin, Abdullahi Adamu, ya sanar cewa Lawan ne ɗan takarar maslaha. Gwamnonin APC na Arewa suka ce ba su san zance ba, mulki Kudu zai koma. A Dandalin Eagle aka ƙirga: Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152. Ya juyo gida, kujera kuma tana hannun wani. Machina ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai janye ba. Jam'iyya ta ce ai ta sake wani zaɓen ranar 9 ga Yuni, ta aika sunan Lawan.

Babbar Kotun Tarayya a Damaturu ta ba Machina gaskiya a Satumbar 2022. Lawan ya fito ya ce ya karɓi hukuncin, ba zai ɗaukaka ƙara ba. Jam'iyya ce ta ɗaukaka. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tabbatar wa Machina. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ƙasa da mako uku kafin zaɓe, Kotun Ƙoli ta juya hukuncin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu. Ba cewa ta yi Machina bai ci zaɓen fidda gwani ba. Cewa ta yi tunda ya yi zargin maguɗi, bai kamata ya shigar da ƙara ta hanyar takardun rantsuwa kawai ba, sai ta hanyar da za a kira shaidu a yi musu tambayoyi. Alƙalai biyun da suka saɓa, Adamu Jauro da Emmanuel Agim, suka tsaya a kan cewa Lawan bai shiga halastaccen zaɓen fidda gwani ba. Ko cikin baƙinmu da ke ƙaunarsa, da aka zo nan muryoyi sun yi ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mutumin Nguru, cewa ya yi shi Lawan ya zaɓa kuma zai sake zaɓarsa, amma wannan shari'a ba ta yi masa daɗi ba.

Ya ci zaɓen 2023, karo na bakwai a jere, na biyar a Majalisar Dattawa. Shugabancin majalisa ya koma hannun Godswill Akpabio, shi kuma Lawan, Sardaunan Bade, ya sauko cikin sahu, aka ba shi kwamitin tsaro. Idan wa'adin nan ya cika a 2027, ya yi shekara 28 a ginin.

Masu kare shi a gida sukan lissafo tituna da makarantu da yaran da aka samar wa aiki a Abuja. Masu ƙorafi sukan tambayi ina aka kwana kan ciwon ƙoda da ya daɗe yana cin mutanen Gashuwa, da hamadar da ke matsowa ta Yusufari da Machina. Mu na nan ba mu da ƙuri'a, domin har yanzu doka ba ta ba 'yan Nijeriya mazauna waje damar zaɓe ba, sai dai mu ji daga bakin alhazai mu yi gardamarmu.

Da shayi ya ƙare, dattijon nan na Nguru ya kira ɗan ƙanwar tawa ya ce, "Yaro, tambayarka ta ɗazu. Mu muke dangwala masa, wannan gaskiya ne. Amma kafin takardar ta iso hannunmu, an riga an rubuta sunan a Damaturu da Abuja." Yaron ya tattara kofuna ya ce, "To Baba, ai kusan irin namu ne." Dattijon ya buɗe baki zai musa, sai ya fasa, ya tambayi ƙarfe nawa motar Harami take tashi da asuba.