Ma'aikatan Haikali da suka komo daga Babila: bayi ne marasa matsayi?

An daɗe ana cewa ma'aikatan Haikali da suka komo Urushalima daga bautar Babila bayi ne kawai, zuriyar Gibeyonawan da Joshuwa ya sa su saran itace da ɗibar ruwa, ba su da wani matsayi a cikin jama'a. Alaƙanta su da Gibeyonawa fahimtar malaman da suka zo daga baya ce. Littattafan Ezra da Nehemiya ba su faɗi haka ba.

Abin da ke rubuce ya fi wannan faɗi. Ezra sura 2 ta jera su gida-gida, da sunayen kakanninsu, bayan firistoci da Lawiyawa da mawaƙa da matsaran ƙofa. Su da zuriyar barorin Sulemanu sun kai 392, alhali Lawiyawa 74 ne kacal. Daga baya, da Ezra ya tara matafiya a bakin kogin Ahawa bai ga Balawi ko ɗaya ba, sai ya aika saƙo zuwa wani wuri mai suna Kasifiya, aka turo masa waɗansu Lawiyawa, da kuma ma'aikatan Haikali 220. Sarki Artashate na Farisa ya yafe musu haraji, daidai da firistoci. Suna da unguwarsu a Ofel cikin Urushalima, da shugabanninsu Ziha da Gishfa, kuma suna cikin waɗanda suka ɗauki alkawarin kiyaye Shari'a a zamanin Nehemiya.

Wasu sunayensu sun yi kama da na baƙi, wannan gaskiya ne, amma bai isa hujjar bauta ba.

Mai son tabbatarwa ya gwama Ezra 2 da Nehemiya 7, ya duba Ezra 7:24 da 8:20. Ku tura wa wasu su ma su karanta.