Shanyar Taba da Tsima Ta Bayan Girbi

Shanyar taba ita ce aikin da ake yi wa ganyen taba tun daga ranar da aka tsinke shi a gona har ya bushe, ya sauya launi, ya kai a ɗaure shi a kai kasuwa. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka duk shanya ɗaya ce, kamar yadda ake baza kuka ko kuɓewa a kan tabarma a bar wa rana. Kuka so ake yi ta bushe da wuri da korenta. Ita kuwa taba in ta bushe da korenta ta lalace, hayaƙinta ya yi ɗaci da warin ɗanyen haki, ba mai sayenta da daraja. Don haka gwanintar mai shanyar taba tana wajen jinkirta bushewar ganye na wasu kwanaki, sannan ya bar shi ya bushe kafin fumfuna ta kama shi.

Abin da ke faruwa a cikin ganyen

Ganyen da aka tsinka yau bai mutu ba tukuna. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma zai yi kwanaki yana numfashi yana cin abincin da ya tara tun yana jikin uwarsa. A cikin waɗannan kwanaki ne sinadarin da ke ba shi launin kore yake rushewa, ruwan ɗorawar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya fito. Sitacin da ke cikinsa ya narke ya koma sukari, furotin ma ya farfashe. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da danshi a jikin ganyen. Da zarar ruwan ya ƙafe, aikin ya tsaya cak a inda ya kai, kuma yayyafa ruwa daga baya ba ya tayar da shi.

Bayan ganye ya yi rawaya, mai shanya yana da zaɓi biyu. In ya ƙara zafi ya busar da shi nan take, launin ɗorawa ya tsaya, sukarin ya tsira. In ya bar shi a hankali, ƙwayoyin ganyen su mutu su fashe, abin da ke cikinsu ya haɗu da iska ya koma ruwan ƙasa, irin yadda fuskar goro take sauyawa in an ɓare shi an ajiye. A wannan hanya ta biyu ganyen yakan cinye kusan dukan sukarinsa. Abin da ke bushewa a ƙarshe shi ne jijiyar tsakiya, kuma ita ce ke yaudarar mutane, don sai fatar ganye ta bushe ƙamas alhali jijiyar na riƙe da ruwa. Wanda ya ɗaure tabarsa a haka, daga nan ruɓa za ta fara. Gwajin da manoma ke yi a ko'ina shi ne su lanƙwasa jijiyar, in ta karye ta yi ƙara to ta bushe, in ta tanƙwaru kawai da saura.

Hanyoyin da aka sani a duniya

Shanyar inuwa ita ce mafi sauƙi. Ana rataye ganye a rumfa mai shan iska na mako 4 zuwa 8. Da ita ake yin tabar da ake kira Burley, wadda Malawi ta yi suna wajen nomanta. Shanyar rana kuwa ta ƙananan ganyayen Turkiyya da Girka da Bulgeriya ce. Akwai ta hayaƙi, inda ake hura wutar itace mara harshe a ƙarƙashin ganye ana turara shi, wani lokaci har makonni, kamar yadda ake yi a jihohin Kentucky da Tennessee na Amurka.

Ta huɗu ita ce ta ɗakin zafi, wadda ta cika sigarin duniya da taba mai ruwan ɗorawa. Ana rufe ganye a ɗaki, zafin wuta ya bi ta cikin bututun ƙarfe ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba. Ana farawa da zafin da bai wuce digiri 38 ba na kwana ɗaya ko biyu har ganye ya yi rawaya, a ɗaga zuwa wajen 55 don fatar ta bushe, a ƙarshe a kai wajen 70 saboda jijiya. Mako guda ya isa. Labarin da aka fi bayarwa game da asalinta shi ne na shekarar 1839 a Karolina ta Arewa, inda wani bawa mai suna Stephen, a gonar Abisha Slade, barci ya kwashe shi wuta ta kusa mutuwa, ya farka ya zuba mata gawayi, zafin da ya taso ya ba ganyen launin da ba a saba gani ba. Wannan hanya ce Zimbabuwe da Birazil da Sin suka fi bi, kuma a Najeriya ita aka kafa a arewacin jihar Oyo, wajajen Iseyin. Tana cin itace ƙwarai, shi ya sa ake danganta ta da sarar daji a ƙasashen Afirka da dama.

A ƙasar Sakkwato

A nan taba amfanin fadama ce, aikin rani, a bakin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato inda ƙasa ke riƙe laima bayan ruwa ya janye. Irinta ƙanana ne ainun, giram ɗaya ya haura ƙwaya 10,000, don haka sai an cuɗa shi da toka ko yashi kafin a yafa, in ya tasa a cire a dasa. Idan ta fara fure akan karya kanta a kuma riƙa cire tohon da ke fitowa a hammatar ganye, domin ƙarfin tsiron ya koma ga ganyen ya yi faɗi da kauri. Ganye yana nuna ne daga ƙasa zuwa sama, na gindi ya riga na kai da makonni, shi ya sa mai kula ba ya girbe ta rana ɗaya.

Matsalar mai shanya a Sakkwato kishiyar ta takwaransa na Kudu ce. Can laima ce abokiyar gaba, ganye ya ƙi bushewa ya yi fumfuna. Nan kuwa girbi yana faɗowa ne cikin hunturu da farkon bazara, lokacin da danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, zafi kuma daga Maris zuwa Mayu ya haura digiri 40. Iskar da ke fasa leɓe da dunduniya ba za ta bar ɗanyen ganye ya yi kwana biyu da ransa ba. Wanda ya tsinko ya baza a fili, kafin la'asar tabarsa ta ƙame da tsanwarta.

Dabarar da ta dace da irin wannan ƙasa, wadda kuma masu tabar gida suka daɗe suna yi, ita ce a fara tara ganyen a inuwa, a jera shi bisa juna, a lulluɓe da tabarma ko buhu ko ciyawa na 'yan kwanaki. Gumin ganyen da kansa shi ke riƙe masa danshi har ya yi rawaya. Sai dai tsibin yana ɗaukar zafi, don haka dole a riƙa cusa hannu ana ji, ana juyawa na ciki ya koma waje. Sakaci na yini ɗaya ya isa tsakiyar ta dahu ta yi baƙi ta yi yauƙi. Bayan ya yi rawaya sai a soke gindin ganyen a zura a igiya, a rataye a rumfar da aka kewaye da zana don a rage kaifin iska. Wasu kuma su shanya a rana, musamman in tabar ta daka ce, wadda ba a damu da kyan fatarta ba.

Ko bayan ta bushe akwai sauran wahala, kuma wannan ne wurin da ake yawan asara. Busasshen ganye a hunturun Sakkwato ba ya taɓuwa, ana kama shi yake rugurgujewa. Sai an jira sanyin asuba lokacin da iskar fadama ta ɗan yi laushi, ko a yayyafa ruwa a daɓen ɗakin a rufe ya kwana, ganyen ya sha laima ya yi taushi kamar jemammiyar fata. A lokacin ne ake ware shi bisa launi da tsawo, a ƙulla shi ƙulli-ƙulli. Mutanen Sakkwato, garin da ya shahara da jima, sun san wannan taushi a hannu, ba sai an kwatanta musu ba.

Zamanin da kamfanin taba na NTC yake da ƙarfi, bayan ya buɗe masana'antarsa ta Zariya a 1959, manoman Arewa sun yi masa noman tabar shanyar inuwa, yana ba da iri da shawara yana saye bisa daraja-daraja. Amma tabar gida ta girme shi nesa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ta Katsina a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno da Sakkwato, ya sayi tabar Katsina ya yi guzuri da ita, saboda darajar da take da ita har a Tambuktu.

Tsimawa da sarrafawa

Taba sabuwar bushewa tana da kaifi da shaƙe maƙogwaro. Idan aka danne ta da ɗan danshi aka ajiye, sai ta ɗumama ta tsimu, warin da ke hawa kai ya ragu, launi ya daidaita. Masu naɗa sigari mai kauri na ƙasar Kyuba suna tara ganye tsibi-tsibi suna auna zafinsa suna rushewa suna sake ginawa, manyan kamfanoni kuma sukan ajiye taba shekara ɗaya zuwa uku kafin su yanka. Abin tsoro a rumbun ajiya shi ne wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa da ke huda ganye ya mai da shi gari, sai kuma laimar damina.

A ƙasar Hausa ana daka busasshen ganye a turmi da kanwa a sami taba gari, wadda ake shaƙa ko a ƙunsa a baki, a zuba ta a batta. Ana kuma cusa ganyen a lofe. Furen ma bai tsira ba, mata sun daɗe suna goga shi a haƙora tare da goro don ado. Kamanninta da abinci bai ruɗi Bahaushe ba, shi ya sa ya ce taba ta bambanta da garin gero.

Gubar da shanya ba ta cirewa

Nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, a saiwa ake yin sa, ya hau zuwa ganye, kuma ba wata shanya ko tsimawa da ke raba shi da ganyen. Kanwar da ake sa wa taba gari ma ƙara masa saurin shiga jini take yi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wasu daga cikin mafi munin sinadaran taba masu jawo ciwon daji, waɗanda masana ke kira NNN da NNK, kusan babu su a ɗanyen ganye. Lokacin shanya da tsimawa suke samuwa, kuma sun fi yawa inda laima ta yi yawa iska ta yi ƙaranci. A wajajen shekarar 2000 manoman Amurka sun sauya ɗakunan zafinsu da ke ƙona gas kai tsaye bayan an gano hayaƙin gas ɗin yana ƙara su. An rage, ba a kawar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, kuma ta shaƙa da ta baki suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin baki da maƙoshi.

Manomi ma yana da nasa rabon. Mai tsinkar ganye da raɓa ko da gumi a jiki, nikotin na ratsa fatarsa, ya ji jiri da tashin zuciya da ciwon kai, sau da yawa a ɗauka zazzaɓi ne ko zafin rana. Yara sun fi saurin kamuwa, kuma su ne aka fi sa wa aikin zura ganye a igiya. Bai kamata a sa su ba.

Malamai da doka

Taba 'yar nahiyar Amurka ce, sunanta na kimiyya Nicotiana ya fito daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal da ya aika da ita fadar ƙasarsa wajen 1560. Ba ta daɗe da shigowa ƙasashen Musulmi ba malaman Malikiyya suka rabu a kanta. Ahmad Baba na Tambuktu da Aliyu al-Ujhuri na Masar sun halatta ta matuƙar ba ta gusar da hankali ba, Ibrahim al-Laƙƙani kuwa ya hana. Dukansu sun yi magana ne ƙarni uku kafin likitoci su tabbatar da alaƙarta da dajin huhu a shekarun 1950, kuma wannan hujja ce malamai da yawa na yanzu suke kafawa wajen haramta ta.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005, ta yi dokarta a 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara da sha a wuraren taruwar jama'a. Noman taba da shanyarta ba laifi ba ne. Tabar wiwi ce, wadda suna kawai ya haɗa su don tsiro ne dabam mai suna Cannabis sativa, doka ta hana nomawa da sarrafawa da ajiyewa ko da a bayan ɗaki ne, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke kama masu yin haka.